Gajeren Madam

Litinin, 7 ga Fabrairu, bayan la'asar

Kayen nan da nake rubutu a ciki na ajin yaƙi da jahilci ne, shi ya yi saura ranar da na aje alli. Shekara goma sha tara ina koya wa matan Dakoro karatu, har sunana na Haula ya ɓace, kowa Madam. Yau ga ni ina rubuta wa kaina, don duk wadda na faɗa wa magana, kafin magariba ta kai bakin rijiya.

Tumatirin garkarmu ya lalace. Mu ashirin da uku ne a ƙungiya, kowace da fangali shida bayan foraji, rijiyar burtsatse. Bana pampo ya mutu wata guda, muka dasa a makare, zafi ya riski shuka tana ƙarama. Yanzu kan kowace shuka ya dunƙule, ganye ya murɗe ya yi kauri, gefensa ya koma ja-ja, in ka taɓa ya karye ƙaras. Fure na zubewa. Wallahi sai ka ce kan da ƙazuwa ta ci.

Ba dai daga iri ba ne. Irin nawa ne, Gajeren Madam, kowa ya san shi. Shekara uku da suka wuce na ga wasu gajeru masu cunkoson ganye cikin fangalina, iska ta kwantar da dogayen, su ko gezau. Na ce to, ga irin da ya dace da Dakoro. Daga cikinsu na zaɓa, na matse 'ya'yan a kan ƙyalle na shanya, kamar yadda Inna take yi. Bara da bara waccan an ci, an sayar, an gode mini.

Laraba, 9 ga Fabrairu, hantsi

Malamin gona ya zo da kabu-kabu, ya ce ƙwari ne, ya fesa magani ya tafi. Garka duk wari. Ganyen ko a jikinsa.

Fangali shida ne kaɗai suka tsira, na can ƙarshe kusa da shinge, na Fadimata matar Rhissa. Buzaye ne, dabbobinsu suka ƙare, suka shigo gari bara. Nata ya kai mata ƙirji, kore shar, 'ya'ya reto-reto. Sa'adiyya, ɗaya daga cikinmu, ta tsaya da arozuwar, butar ban ruwa, a hannu ta ce, "Madam, ke da kika yi karatu, mi ya sa na baƙuwa kaɗai ya tsaya?"

Na ce ban sani ba. Abin da na sani shi ne ranar rabon iri ban ba Fadimata ba. Na ce mata sai mace ta shekara a ƙungiya. Babu wannan doka, ni na ƙirƙire ta a tsaye, don ta shigo ba ta gaishe ni da sunan da kowa ke kirana ba. Ta je kasuwa ta sayo na sashe, irin kanti na cikin 'yar leda.

Alhamis, 10 ga Fabrairu, da safe

Haka yake. Ƙazanta.

Asabar, 12 ga Fabrairu, azahar

Al'adar garkarmu ce, in lokacin rage rassa ya yi, ni nake fara yanka a fangalin kowa da ƙaramar wuƙar Inna, wai hannuna na da albarka, sannan masu fangali su ci gaba. Bana na zagaya ashirin da biyu. Na ashirin da uku ban taka ba, kuma babu wadda ta tuna mini.

Yau na taka. Na gama ƙoƙarin rage ruɓaɓɓun rassan nawa, na wuce wurinta da wuƙar a hannu, na ce, "Fadimata, rassan nan sun yi yawa, kawo in nuna miki." Gaskiyar magana so nake in ga ko ta binne wani abu, ko ta rataya laya a gindi, kamar yadda ake ta raɗa. Babu komai sai kashin awaki da ta tsinto a kara, kasuwar dabbobi. Tun da na shiga kuma kunya ta hana ni fita haka nan, sai na rage mata duka shidan, shuka bayan shuka.

Ta yi ta godiya har na ji haushin kaina. Ta kwance bakin mayafi ta ba ni cuku guda. Ta ce, "Madam, ke ce ta farko da ta shigo mini." Cukun na nan a kan kwano, ban ci ba.

Talata, 15 ga Fabrairu, bayan la'asar

An yi taro ƙarƙashin bishiyar bedi. Tir da bakin mata in sun haɗu a kan mutum ɗaya! Wannan ta ce takin da Fadimata ta kawo ne ya ƙone ƙasa. Aka ce to mi ya sa bai ƙone nata ba? Sai waccan ta ce ai shi ne abin. Sa'adiyya ta rantse ta gan ta tana tofi a bakin tanki. Alwala take, ni ma na gan ta.

Suka ce a karɓe fangalinta. Hajiya Baraka, shugabarmu, ta ce a bari sai taron wata, Lahadi 13 ga Maris, a ɗaga hannu. In hannuwa sun rinjaya, Fadimata ta bar garka. Fangalin nan shida su ne abincin gidanta, Rhissa dako yake a kara ranar kasuwa kawai, kowa ya sani.

Hajiya ta juyo ta ce, "Madam, ba ki ce komai ba." Na ce kaina ke ciwo.

Juma'a, 18 ga Fabrairu, da yamma

Ramla ta zo daga Maradi, ɗiyar ƙanena, mai karatun noma a jami'a. Na kai ta garka don ta gani ta kawo mana magani. Yarinyar da na goya, sai ga ta tana tsugunne tana yi mini tambayoyi kamar jandarma.

"Gwaggo, irin daga ina?"

"Daga hannuna."

"Tun asali gajere ne?"

"Ni na zaɓe shi gajere."

Ta ɗago ta dube ni. Ta sa leda a hannu kafin ta tsinki ganye, wai kada ta taɓa. Ganyen da nake shafawa kullum da hannuna! Ta ɗebi na fangali biyar, ta ɗebi na Fadimata daban, sannan ta ce in yanko mata gefen ƙyallen irina. Na ce mi ya haɗa ƙyallena da ciwon ganye? Ta ce malaminsu zai aika labo, ɗakin gwaji, sai an gwada ake sani. Na ba ta, amma ban raka ta tasha ba.

Lahadi, 20 ga Fabrairu, da safe

'Ya'yan yanzu, a tura su lakwal karatun boko su dawo suna ƙyamar hannun da ya ba su fura.

Alhamis, 24 ga Fabrairu, hantsi

Sun hana Fadimata layin ruwa. Duk wadda ta cika arozuwar sai ta miƙa tiyo ga ta bayanta, a tsallake Fadimata kamar ba mutum ba. Ta tsaya har rana ta take, sai da kowa ya watse ta samu. Daga baya Rhissa ya zo bakin shinge da rawaninsa, ya karɓi bido biyu, jarkokin ruwa, ya tafi rijiyar unguwa ya ɗebo mata.

Matan nan ni na riƙe musu hannu suka rubuta sunansu na farko. Yau na dube su na ji ƙyamarsu har cikin raina. Kuma ni ma ina layin, na karɓi tiyon, na miƙa wa ta bayana.

Laraba, 2 ga Maris, azahar

Na tsinko 'ya'yan da suka samu suka fito a nawa. Kamar goriba, tauri, wani gefe ja wani gefe fari. Na fasa guda, cikinsa kusan babu ƙwaya. Na jefa wa akuya, ta shinshina ta juya.

Ramla shiru. Ban kira ta ba.

Litinin, 7 ga Maris, bayan la'asar

Ramla ta kira. Na ce ta yi a hankali, zan rubuta, don ban yarda da kunnena ba.

Ba ƙwaro ba ne, ba tsutsa ba, ba taki ba. Sunansa biroyid. Ta ce ya fi ƙwayar birus ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ɗan zare ne tsirara, ko riga ba shi da ita, ba ya iya ƙera komai da kansa. Na ce to abin da ba shi da baki ba shi da hannu, da mi yake cin shuka? Ta ce, "Gwaggo, ba ci yake ba. Bari in faɗa miki da yarenki na aji. Kowace shuka tana da rubutu a cikin ƙwayoyin jikinta, shi ake kira ƙwayoyin gado. An rubuta yi tsawo, yi kore, yi fure, cika 'ya'ya. Abin nan in ya shiga ba ya yaga shafi. Shukar da kanta take kwafarsa dubu-dubu. Ta tashi kare kanta, ta daddatsa shi, guntayen kuma su je su toshe wasu layukan nata. Sai ta daina karanta layin tsawo, ta rage na kore, ta yi ta maimaita layin faɗa da ciwo har ta galabaita."

Na ce, watau ɗaliba ce da aka sa ta tsallake layi.

Ta ce haka ne. Kuma zafi na ƙara masa ƙarfi, shi ya sa shekarun da muka dasa cikin sanyi bai nuna kansa sosai ba, bana kuwa ya fito fili.

Na ce maganin fa? Ta ce babu. A tuge, a ƙone.

Sannan ta ce, "Gwaggo, an same shi a ƙyallen. Gajartar da kika gani kika zaɓa, ita ce ciwon. Na Fadimata babu komai a ciki."

Shekara uku ina bin fangali ina zaɓen mafi ciwo, ina shanya shi, ina naɗewa a gwangwanin madara. Har na sa masa sunana.

Talata, 8 ga Maris, da safe

Ta sake kira, wai ta manta abu mafi muhimmanci. Ba kowace ƙwayar iri ke ɗauke da shi ba, kaɗan ne. Abin da ke watsa shi fangali zuwa fangali ruwan jikin shukar ne, a hannu, a farce, a wuƙa. In an yanka mai ciwo aka yanka mai lafiya, shi ke nan, bayan sati uku ko huɗu sai a gani. Sai an tsoma wuƙa a ruwan jabel, sinadarin wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, tsakanin shuka da shuka.

Ta ce, "Kuna da wuƙar da ke yawo?"

Na ce akwai.

"Ta shiga fangalin Fadimata?"

Na ce rezo ba kyau, ba na jin ta.

Laraba, 9 ga Maris, azahar

Na jiƙa wuƙar Inna a jabel tun safe. Na wanke hannuna har fatar ta yi fari. Na sake wankewa.

Alhamis, 10 ga Maris, hantsi

Kullum yanzu ta bakin shinge nake shiga garka, ba ta ƙofa ba. Ina wucewa a hankali, ina kallon kan shukokin can. Kore ne. Ganyen sama ya ɗan tattare a fangali na biyu, amma rana ce, kowane tumatir na yin haka da rana.

Rana ce.

Juma'a, 11 ga Maris, bayan la'asar

Wata mata daga Korahane ta aiko da gaisuwa, wai a ƙara mata Gajeren Madam na baɗi. Sai na zauna ina tuno inda na kai shi. Duk sunan da na je, duk biki, ƙyallen iri nake yankawa in ba mai jego a kan goro. Korahane gida huɗu. Ɗan Gulbi gida biyu ko uku. Ina ta rabo ina karɓar addu'a, kaico.

Ramla ba za ta faɗa wa kowa ba sai na ce ta faɗa, na san ta. Murhu na nan, gwangwani na nan. In na jefa ƙyallen yanzu, jibi in zauna a taro in ce kaina ke ciwo, hannuwa su tashi, buzuwa ta tafi, baɗi in ce irin ya tsufa mu sayi na sashe. Ba wanda zai taɓa sani. Na zauna da tunanin nan tun azahar, kuma ya yi mini daɗi. Wannan daɗin shi ya fi ba ni ƙyama a cikin duk abin da ya faru.

Asabar, 12 ga Maris, da safe

Cukun ya bushe ƙamas a kan kwano. Na kasa ci, na kasa zubarwa.

Lahadi, 13 ga Maris, bayan la'asar

An yi.

Hajiya Baraka ta buɗe da addu'a, ta ce masu son a karɓe fangalin su ɗaga hannu. Fadimata na zaune can gefe a kan takalminta, ba wadda ta matsa mata a tabarma. Hannuwa suka fara tashi. Na ƙirga sha huɗu, tsohuwar ɗabi'ar aji. Sai na miƙe na aje gwangwanin a tsakiya.

Na ce, "Ku sauke. Ga mai laifin nan."

Na faɗa musu yadda Ramla ta faɗa mini, da rubutun cikin shuka, da layin da ake tsallakewa. Na ce gajeren da kuke yabo ciwo ne, ni na zaɓo shi, ni na raba muku, ni na bi fangalinku da wuƙa na shafa wa wanda bai da shi. Na ce na Fadimata ya tsira ne don na hana ta iri, kuma dokar shekara ɗaya ƙarya ce, ni na ƙaga ta.

Sa'adiyya ce ta fara: "La'ilaha illallahu! Madam, ashe ke kika kashe mu kina zaune kina kallo ana zagin baiwar Allah?" Ita da ta rantse a kan tofi! Na so in mayar mata, na ga ba ni da bakin. Gaskiya ta faɗa, ko da daga bakinta ta fito.

Hajiya ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce tun Litinin.

Ta ce, "Kwana shida."

Na kunna ashana da hannuna. Ƙyallen ya ci wuta da warin tsumma, har da guntun zanen Inna da nake naɗe shi a ciki. Hajiya ta ce fangalin Fadimata nata ne, kuma gobe ita za ta fara ɗibar ruwa. Matan da suka tsallake ta da tiyo suka taso suna riƙe mata hannu, suna Allah ya ba ki haƙuri, har da masu cewa ta ajiye musu iri daga nata. Mtsw. Ba a daɗe da sauke hannuwan ba.

Na faɗi komai. Kusan komai.

Talata, 15 ga Maris, azahar

Mun tuge fangali ɗari da talatin da biyu, mun tara bayan shinge mun ƙone. Hayaƙin ya shiga mini gashi, har yanzu ina jin sa. Ba wadda ta ce mini sannu, ni ma ban nema ba. Hajiya ta kira ni Haula a gaban kowa.

Na aika Korahane da Ɗan Gulbi da direban da ke bin hanyar, na ce duk mai ƙyallena ta ƙone shi.

Yanzu garka fili ce fetal, sai kore guda can ƙarshe. Kowa ya shigo can yake fara kallo. Ni ban kalla ba.

Alhamis, 17 ga Maris, da safe

Ban je garka ba. Na ce ƙafata.

Asabar, 19 ga Maris, hantsi

Fadimata ta yi sallama ina tankaɗe. Ban taɓa ganinta a gidana ba. Na shimfiɗa mata tabarma, ta ce a'a, ba zama ta zo ba. Hannunta na cikin leda, kamar yadda Ramla ta yi. Ta buɗe. Kan tumatir ne guda uku, a dunƙule, gefen ganyen ja-ja.

Ta ce, "Fangali na biyu da na uku. Na huɗu ma ya fara."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Na sani, Madam. Tun ranar taro da kika ce wuƙa, na tuna Asabar ɗin nan. Na yi ta jira ki faɗa."

Na ce, "Mi ya sa ke ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Ke kaɗai kika taɓa shigo mini."

Na ce zan je wurin Hajiya yanzu in gaya mata, kada su ɗauki iri daga nata. Ta ce ta riga ta gaya musu da safe, sun taru sun gani. Na ce mi suka ce? Ta ɗan yi murmushin da ban so ba.

"Sa'adiyya ta matsa mini a tabarma. Ta ce yanzu na zama tasu."

Ta ɗaure bakin ledar, ta ce Rhissa na kara, ita kaɗai ba za ta iya tuge shida kafin rana ta yi zafi ba, ko zan zo in kama mata. Na ce bari in ɗauko mayafi.

Tana tsaye a zaure tana jirana. Ta ce in zo da ashana, kuma in bar wuƙar a gida.